Kuɗin Yini da Kuɗin Wata: Wutar Lantarki da Makamashin Girki a Ƙasar Zoza

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki Zoza, gari kuma mazaɓa a ƙaramar hukumar Rogo, tare da ƙauyukan da suka shimfiɗu daga nan zuwa Ƙaraye, domin a auna shirye-shiryen kai wutar lantarki da makamashin girki mai tsafta da yadda rayuwar gidajen wurin take. Hujjar da ta kawo ita ce, manomi da matarsa suna sayen makamashi ne da kuɗin yini, alhali wanda ake tallata musu, gas ne ko sola ko mita, da kuɗin wata ko na shekara ake shiga cikinsa. Takardar ta nuna cewa ƙidayar turaku da ƙidayar murhun da aka raba ba sa faɗa mana ko wuta ta zo, ko hayaƙi ya ragu. Ta kuma ba da shawarar a fara da masu sana'a, wato mai injin niƙa da mai noman rani da mai gumin shinkafa, domin su ne wutarsu ke biyan kanta.

Gabatarwa



Duk wanda ya bi ta Ƙaraye ya san madatsar ruwa ta Challawa. An gina ta tsakanin 1990 da 1992, tsawonta ya haura kilomita 7, kuma tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. A zangon mulki na biyu na Rabi'u Musa Kwankwaso, gwamnatin jihar Kano ta ba da aikin samar da lantarki daga wannan madatsa da ta Tiga. Manufar da aka bayyana a lokacin ita ce a ba injunan tace ruwan sha da fitilun titunan birnin Kano wuta. Ban kawo wannan don suka ba, birni ma yana da hakkinsa. Na kawo shi ne don ya nuna inda yankin da muke magana a kai ya tsaya: ruwan yana ƙasarsu, amma ba da sunansu aka yi lissafin wutar ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ƙidayar 2006 ta ba Rogo mutum sama da 220,000, Ƙaraye kuma sama da 140,000, kuma su biyun ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye a dokar 2024. Ƙasar noma ce: masara da dawa da shinkafa da waken suya da damina, tumatir da tattasai da albasa da rake a fadamu. Rogo tana bakin iyakar Kano da jihohin Kaduna da Katsina, wato can ƙarshen waya take, kuma duk wanda ya zauna a ƙarshen waya ya san ma'anar hakan.

A duniya, buri na 7 cikin muradun ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 shi ne kowa ya sami makamashi na zamani nan da 2030. Har yanzu kusan mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki, mutum sama da biliyan 2 a duniya kuma da itace da gawayi da kashin dabbobi da kananzir suke girki. Bankin Duniya ya ce a 2021 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar babban layi. Waɗannan alƙaluma mun sha jinsu. Abin da nake so mu duba shi ne yadda suke idan an sauko da su tsakar gida.

Turke ba wuta ba ne

A rahoton hukuma, gari ya «sami wuta» da zarar an kafa turaku an ja waya an ajiye taransifoma. A bakin mutanen gari kuwa, tambayar daban ce: yaushe rabon da a kawo, kuma da ta zo ta iya juya fanka?

Na taɓa zama a rumfar wani mai injin niƙa a ɗaya daga cikin ƙauyukan wannan yanki. Turken wuta na tsaye daidai ƙofarsa, har ya ɗaure igiyar rumfar a jikinsa. Injin dizal ne yake ta ƙara, yara mata sun jera kwanukan masara da jiƙaƙƙen waken suya tun daga bakin injin har bakin hanya. Na tambaye shi me ya hana shi sayen injin mai amfani da lantarki tunda ga waya a kansa. Ya yi dariya ya ce, «Malam, wuta ai baƙuwa ce, ba a ɗora mata tukunya. In ta zo mu yi mata sannu da zuwa, mu sa waya a caji.» Taransifomar garin ta ƙone tun kafin azumi, an yi karo-karo gida-gida, kuɗin bai kai ba.

Wannan hali sananne ne a wurin masana. Kenneth Lee da Edward Miguel da Catherine Wolfram sun yi bincike a yammacin Kenya a kan gidajen da ke ƙarƙashin layin wuta amma ba su ja ba. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna abu biyu. Na farko, da zarar kuɗin jan wuta ya ɗan ɗaga, masu ja suna raguwa sosai. Na biyu, kuma shi ne ya fi tayar da hankali, gidajen da aka ja wa wutar ba a ga wani sauyi na a-zo-a-gani a kuɗin shigarsu ko karatun yaransu ba a tsawon lokacin binciken. Ƙwan fitila da cajin waya suka samu. Ba su da firiji, ba su da inji, ba su da jarin sayensu. Ni a fahimtata wannan bincike bai ce lantarki ba shi da amfani ba. Cewa ya yi wayar da ba ta tarar da abin juyawa ba, haske kawai take kawowa.

Irin wannan matsala ce ta sa tun da farko Bankin Duniya ya fito da ma'auni mai hawa-hawa a 2015, daga hawa 0 zuwa hawa 5, maimakon a ce da wuta ko babu. Hawa na 1 fitila ce da cajin waya. Sai an hau sama sosai kafin a kai ga firiji da injin aiki. Idan aka auna ƙauyukanmu da wannan ma'auni, za a tarar da yawa da taswira ta ce suna da wuta suna can ƙasa, kuma abin da ya ɗaga su daga sifili ma ba babban layi ba ne, ƙaramar sola ce da ɗa ya aiko daga Kano ko Legas, ko shagon mai caji da janaretansa.

Tsarin kasuwar wutar ma ba ya jan ta zuwa karkara. Tun Nuwamba 2013 da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, KEDCO ke da Kano da Katsina da Jigawa. An raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni, daga rukunin A mai alƙawarin awa 20 a rana zuwa rukunin E mai awa 4. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'aunin kilowat a awa, sauran aka bar su yadda suke. Duk ɗan kasuwar da wutar da yake samu ba ta isa ba, inda za ta fi kawo kuɗi zai tura ta, wato unguwannin masana'antu da manyan unguwannin birni. Dogon layin da ya ratsa gonaki kilomita da yawa don ya kai wa gidajen da ba su da mita, shi ne na ƙarshe a rabo. Wannan ba mugunta ba ce, lissafi ne, kuma kuka ba ya gyara lissafi. Ga kuma raunin layin kansa: a Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu bayan layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi.

A wancan gefen, an buɗe ƙofofi. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar kafa kasuwar wutarsu. Kafin nan an fitar da ƙa'idar 2016 ta ƙananan tashoshin wuta masu zaman kansu waɗanda ba su wuce megawat 1 ba. Hukumar kai lantarki karkara ta ƙasa tana gudanar da shirin DARES, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 750 a Disambar 2023 da niyyar kai wa mutum miliyan 17.5. A Kano mun ga solar kasuwar Sabon Gari, da tashar megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019, da ta megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a 2023. Ku lura, dukkansu birni ne, kuma dukkansu an kafa su ne inda mai biya yake a tsaye yana jira.

Murhu ba na tuwo kaɗai ba ne

A nan zan fi daɗewa, domin ɓangaren girki shi ne wanda ake yi wa gajeren tunani.

Illar hayaƙi ba abin musu ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, ta hanyar ciwon huhu na yara, da cututtukan zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da tari mai daɗewa. Wadda ta fi shaƙa ita ce mai girki, sai goyon da ke bayanta. Da damina, idan aka koma madafi da jiƙaƙƙen itace, ba sai an kawo na'ura ba, baƙin da ke jikin azara ya isa shaida.

Sai dai wanda ya tsara murhun zamani a ofis yakan ɗauka cewa wutar gida don dafa abinci sau uku a rana kawai ake hura ta. A gidan Bahaushe na karkara ba haka ba ne. Da wutar nan ake gumin shinkafa a rabin duro. Da ita ake suyar gyaɗa, a matse mai, a toya ƙuli-ƙuli. Da ita ake dafa kalwa ta kwana a wuta kafin ta zama daddawa. Da ita ake awara da ƙosai da waina, waɗanda 'yan talla ke fita da su, kuma daga ribarsu uwa take yi wa 'yarta kayan ɗaki. Idan mace ta haihu, akwai wankan jego, kwana 40 ana tafasa babbar tukunya safe da yamma, kuma sayen itacen jego hakki ne a kan miji wanda ake yi masa gori idan ya kasa. Da hunturu akwai jin ɗumi. A makarantar allo kuwa, kara da ƙiraren da almajirai suka yi yawon nema su ne fitilar karatun dare. Tokar ma ba a zubar da ita, gona take zuwa. Ina so a faɗa mini rahoton makamashi guda da ya taɓa sa itacen jego a lissafinsa.

Sannan akwai shi kansa tuwon. Gidan da ake ciyar da mutum 15 ko 20 babbar tukunya ake ɗorawa, kuma tuƙin tuwo aikin ƙarfi ne: mace ta kama muciya da hannu biyu, wani lokacin ta dafe tukunyar da ƙafa ta hanyar tsumma ko ƙarfe. Duwatsu uku suna karɓar kowace irin tukunya, ba sa gocewa, ba a sayensu, kuma suna cin duk abin da aka tura musu, itace ko kara ko totuwar masara.

A wani gida da na sauka a ƙasar Zoza, na hangi wani murhun ƙarfe mai kyau a ƙarƙashin rumbu, kaza ta yi ƙwai a ciki. Wata ƙungiya ce ta raba shekarun baya. Na ce da dattijuwar gidan, «Inna, wannan ai an ce rabin itace yake ci.» Ta ce, «Gaskiya ne, ɗan nan. Amma ka dubi bakinsa, ka dubi tukunyata. Kuma sai an faskara masa itace ƙanana kamar asuwaki. Wa zai zauna faskare, ni ko amaryar da ke da ciki?» Ta ce sun yi shayi da shi na ɗan lokaci.

Abin da Inna ta faɗa, an same shi a rubuce. Rema Hanna da Esther Duflo da Michael Greenstone sun bi gidaje a jihar Odisha ta Indiya tsawon shekara 4 bayan an ba su ingantaccen murhu. Hayaƙin ya ragu a shekarar farko, daga nan amfanin ya zube, saboda murhun yana fashewa ba a gyarawa, mata suna komawa tsohon. A Malawi, gwajin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2017, wanda ya ƙunshi yara sama da 10,000, bai ga raguwar ciwon huhu ba a gidajen da aka ba murhu mai fanka. Har ma babban gwajin gas da aka yi da mata masu ciki 3,200 a Guatemala da Indiya da Peru da Ruwanda, inda aka ba da murhu da gas kyauta, ya rage hayaƙin da suke shaƙa ƙwarai, amma sakamakon 2022 bai nuna bambanci mai ƙarfi a nauyin jarirai ba. Ya kamata mu da muke wannan fage mu riƙa faɗin waɗannan sakamako a fili, ba mu ɓoye su don kar masu ba da tallafi su ja baya ba. Ɗaya daga cikin darussan da na ɗauka a ciki ya shafi tsarin gidajenmu kai tsaye. A babban gida mai sassa huɗu ko biyar, kowane sashe da murhunsa, tsakar gida ɗaya. Idan ɗaki ɗaya ya koma gas, yaron ɗakin hayaƙin kishiyar uwarsa yake shaƙa. Gida ake tsaftacewa, ko unguwa, ba ɗaki ba.

Najeriya ma ta gwada rabo. A ƙarshen 2014 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 a raba wa mata, shirin ya ƙare cikin taƙaddama. A 2024 majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta, a shekarar ne kuma taron Faris ya tara alƙawarin dala biliyan 2.2 don girki mai tsafta a Afirka. Akwai kuma aikin da ya daɗe, kamar murhun Save80 da ƙungiyar atmosfair ta Jamus ke haɗawa a Kano, da murhun Mai Sauƙi da maƙeran Nijar suka daɗe suna ƙerawa.

Wata magana da ake yawan maimaitawa ita ce matan ƙauye ne ke cinye daji. Littafin Wood Fuel in Kano, wanda Reginald Cline-Cole da Michael Mortimore da abokan aikinsu suka fitar a 1990, ya daɗe da warware wannan. Sun tarar manoman kewayen Kano suna kula da itatuwan gonakinsu, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, suna sassabe rassa ba sa kayar da uwa, kuma itacen da birni ke ƙonawa daga nesa ake lodo shi. Yau gawayi ya ƙara tsananta abin. A ramin gargajiya, sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami gawayi kilo 1, kuma marke da ƙirya ake fara nema. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, risho ya mutu a gidajen talakawan birni, kowa ya koma kurfoti. Saboda haka duk lokacin da gas ya yi tsada a unguwannin Kano irin Kurna ko Ɗorayi, gatari ne ke amsawa a dazukan yammaci da kudancin Kano. Matar Zoza ita ce ke ƙara nisan tafiya neman ƙirare, ba ita ce ta jawo ba.

Inda lissafin yake karyewa

Idan aka bi zafi zalla, gas ba shi da tsadar da ake zato. Kilo 1 na gas yana ɗauke da zafin da ya kusa ninka na kilo 1 na busasshen itace sau 3. Murhun gas yana kai rabin zafin ko fiye cikin tukunya, duwatsu uku kuwa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai suke kaiwa, sauran iska ke sha. Idan aka haɗa, kilo 1 na gas yana aikin itace kilo 10 ko fiye. Ga wanda yake sayen itace, tazarar ba ta da yawa. To me ya hana?

Abin da ya hana shi ne yadda kuɗi ke shigowa gida. Maigida yana ganin kuɗi a dunƙule sau ɗaya ko biyu a shekara, da kaka da kuma bayan ya kwashe kayan lambu. Uwargida tana ganin nata kullum, amma ƙanana, daga cinikin awara ko ƙuli. Kuɗin cefane kullum ake bayarwa. Itace ya dace da wannan tsari kamar an auna: ana sayen ƙulli ɗaya, ana karɓa bashi wurin maƙwabciya, in babu ko sisi a tura yara gona su kwaso kara. Gas kuwa sai ka fara da tukunyarsa da kan murhunsa a rana ɗaya, sannan in ya ƙare, ko da tuwo na tsakiyar talge ne, sai an ɗauki tukunyar a babur an kai babban gari, kuɗin achaɓa ya hau kan kuɗin gas. Shi kansa gas ɗin a tanka ake hawo da shi daga kudu. Bututun AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, iskar gas ta masana'antu da tashoshin lantarki zai ɗauko, ba irin wadda ake ɗurawa a tukunyar girki ba, kuma ya kamata a daina ruɗa mutane da wannan.

Indiya ta yi wannan karatu da kuɗi mai yawa. Shirin Ujjwala da aka fara a 2016 ya raba wa mata matalauta miliyoyin tukwanen gas, amma gidaje da yawa suka riƙa jinkirin sake cikawa, suna ajiye gas don shayi da baƙo, itace don abincin gida. Indonesiya, wadda ta sauya kananzir da gas daga 2007, ta fi dacewa, kuma ƙaramar tukunya mai kilo 3 ta zaɓa, wadda talaka zai iya cikawa da kuɗin aljihu.

Haka lantarki yake. Takardar kuɗin wuta ta wata-wata an tsara ta ne don mai albashi. Manomi a watan Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma taki ya cinye komai, ba shi da abin biya, a Disamba kuwa zai iya biyan na wata shida a zama ɗaya. Amma ku dubi abin da yake biya ba tare da an kira shi mai taurin bashi ba: kuɗin caji kullum, batirin tocilan duk mako, kuɗin niƙa duk safiya, fetur na injin ban-ruwa duk kwana biyu ko uku, wanda ya ninka ya sake ninkawa tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi. Idan aka tara waɗannan a shekara, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mutanen nan suna sayen makamashi, kuma da tsada suke saye. Ɗai-ɗai kawai suke saye.

Abin da za a iya gwadawa

Idan za a kafa ƙaramar tashar sola a gari irin Zoza, a fara ƙidaya injuna kafin a ƙidaya gidaje: injin niƙa nawa, injin casar shinkafa nawa, mai walda, mai ƙanƙara, mai ɗinki, firijin rigakafi na asibitin gari. Waɗannan da rana suke aiki, lokacin da sola ta fi arha domin ba ta bi ta batir ba, kuma su ne za su riƙe tashar har gidaje su sami wutar dare da sauƙi. Amma wajibi ne bashin sayen injin mai lantarki ya zo tare da wayar, in ba haka ba mai niƙan da na ba ku labari zai ci gaba da ɗaure rumfa a jikin turke. Ga masu noman rani, famfon sola da za a biya bayan an kwashe tumatir ya fi kowace irin wuta saurin biyan kansa, domin abin da yake maye gurbinsa fetur ne.

A ɓangaren girki, ni da masu sana'a zan fara, ba da gidaje ba. Mai gumin shinkafa da mai ƙuli-ƙuli da mai awara suna sayen itace da kuɗi, sun san abin da suke kashewa a kowace tukunya, kuma idan murhu ya rage musu za su gani a ribar ranar, ba sai an tara su an yi musu lacca ba. A gina musu murhun daidai bakin duronsu da kaskonsu, maginin tukwane da maƙerin garin su yi, don in ya tsage a san ƙofar da za a buga. Ɓuntun shinkafar da ake tarawa a bayan injin casa ana cinna masa wuta, makamashi ne, akwai murhun da ke cinsa. Ga gas, a kawo wurin ɗurawa kilo-kilo kusa, kamar yadda ake yi a unguwannin Kano, kuma a bar adashi ya sayi tukunyar, domin uwar adashi ta fi kowane banki sanin wadda za ta biya. A Kenya da Tanzaniya ana gwada tukunya mai mita wadda ake sayen gas na girki ɗaya ta waya, ya kamata a gwada ta a nan kafin a yanke mata hukunci.

Itace kuwa ba zai bar madafin karkara nan da 2030 ba, gara mu faɗi gaskiya mu shirya masa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna hanya tun shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara barin kututturan gona su tofo, a zaɓi reshe mai ƙarfi a rage sauran. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar, kuma ƙasar Rogo ta fi Maraɗi ruwan sama nesa ba kusa ba.

Aikin da ya rage mana mu masu bincike shi ne awo. Ina ba da shawarar a zaɓi gidaje a mazaɓu uku, Zoza da ɗaya a bakin madatsar Challawa da ɗaya a kan iyakar Katsina, a bi su shekara guda cur, a riƙa auna itacen da ya shiga wuta da sikeli, a rubuta na tuwo daban, na sana'a daban, na jego da jin ɗumi daban, a kuma rubuta awannin da wuta ta zo da ƙarfin da ta zo da shi. Masu awon su zama mata 'yan garin, domin namiji baƙo iyakarsa zaure, murhun kuwa yana can ciki.